Saura Ganye Uku

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Nas ta zo ta duba Mama, ta ja ni bayan tankin ruwa ta faɗa mini abin da ta faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta ce akwai wuri a jirgin saman Laraba in muna so a kai ta babban asibiti a Rarotonga. Na shiga na gaya wa Mama. Ta ce, "Shekara casa'in da biyar ina Mauke, sai yanzu za a ɗora ni a jirgi kamar buhun gwaza? Miƙo mini tivaevae ɗina."

Na buɗe akwatin katako na ɗauko shi. Mayafi ne na farin yadi, da ganyen gwaza kore goma sha shida a kai, huɗu a kowace kusurwa. Ita ta yanka shi shekara biyu da suka wuce, kafin idonta ya tafi, kuma kowa a gidan nan ya san na mene ne: a ciki za a naɗe ta. Kusurwa ɗaya ta ɗinka da hannunta. Ta biyu ƙawayenta na ƙungiyar ɗinki suka yi. Ta uku 'ya'yanta mata ne da suka zo Kirsimeti daga Auckland, har da mahaifiyata. Ta huɗu tawa ce, ni Moeroa, jikar da aka bar mata tun ina wata uku, ga ni yau da shekara hamsin da ɗaya. Ganyayena suna nan yadda ta ɗora su, zaren riƙo kawai ke tare da su. Shekara biyu ke nan ina cewa gobe.

"Ba inda zan je sai kin gama," in ji ta. "Na yanka wa rabin tsibirin nan mayafi, ba za a sa ni a rami da rabin aiki ba."

Na ce, "To ki yi ta zama, tsohuwa, wa ya kore ki?"

Ta yi dariya har ta sarƙe. Amma ta san abin da take faɗa. Nan ba mu da ɗakin sanyi na ajiye gawa. Wanda ya cika yau, gobe kafin faɗuwar rana yana ƙasa, babu mai jiran allurata.

Saura ganye huɗu.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Jirgi ya zo ya tafi. Mama ta saurari ƙararsa har ya ɓace, ta ce a sauka lafiya.

Na jawo kujera kusa da gadonta na fara. Sai a kalmashe bakin ganyen a bi shi da ƙananan ɗinki, sannan a fitar da jijiyoyinsa da zare mai kauri. Ganye ɗaya kwana biyu ne in aladu sun bar ni na zauna. Ba ta gani, amma tana jin zare yana wucewa cikin yadi, in na ja da ƙarfi sai ta ce, "Ke, ɗinki kike ko jan igiyar rijiya?"

Tun ina shekara bakwai haka take mini. Ba ta taɓa duba fuskar aiki ba. Juya shi take ta shafa bayansa da yatsa, in ta ji ƙulli ɗaya sai a warware layin gaba ɗaya. Na sha kuka a barandar nan a kan ƙulli.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Saura uku.

Yau bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin almakashinta, wanda na ji ya fi sau ɗari, ban kuma katse ta ba. Tana da shekara goma sha tara ta auri Papa Tutai. Ba su cika shekara biyu ba jirgin ruwa ya kwashe mazan tsibirin zuwa Makatea haƙar takin dutse, ya bar ta da goyo da ciki da fadamar gwaza. Bayan shekara biyar ya dawo da tari, da hular da ta yi masa yawa, da almakashin nan a aljihu. Ta ce ta dube shi ta ce, "Shekara biyar, abin da ka samo ke nan?" Da shi ta yanka mayafinta na fari, daga buhunan fulawa da ta wanke ta rina.

Ba ta taɓa zana ganye da fensir ba. Ta ninka yadi huɗu, ta yi shiru kaɗan, ta sa almakashi. In aka buɗe sai mata su kama baki. 'Ya'ya goma sha ɗaya ta haifa, ta binne huɗu suna ƙanana, kowanne a cikin ɗan mayafin da ta yanka masa. Da ta zo nan a labarin sai ta tsaya, ta ce in ba ta ruwa.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana tsaka

Saura biyu. Na gaya mata. Ta ƙirga da yatsu ta ce, "Gobe Lahadi ba a ɗinki. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. To, Alhamis ke nan." Ta faɗe shi da murna, yadda take faɗin ranar zuwan jikoki.

Kawu Matangaro ya zo da igiyar awo da samarin gidansa, suna gwada wurin da ke kusa da kabarin Papa a ƙofar gida. A kan dutsen kabarin Papa take shanya kwakwa shekara talatin, kullum da safe tana shara tana ba shi labarin gari. Na fita na ce, "Kawu, haba! Tana numfashi fa, tana jin ku."

Ya ce, "Ita ta aiko a kira ni, Moe. Ta ce kar in yi mata rami mai ƙunci."

Na koma ciki na rufe ƙofar kicin da ƙarfi har kofi ya faɗo. Ko cokali ɗaya na ganyen gwaza ba ta ci ba yau, ga shi na dafa shi da madarar kwakwa yadda take so.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan an tashi daga coci

Matan coci sun biyo da fararen hulunansu, suka tsaya a baranda suka yi mata waƙa. Ta bi su daga kan gado, muryar ta tsufa amma ba ta kauce ba. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon akwatin.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe uku, tana barci

Saura uku.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Ganyen ranar Asabar bai kwanta daidai ba. Ya ɗan tattare a gefe, kowa ya gani zai ce haka. Ita da kanta ta koya mini ba a barin aiki a karkace, shi ya sa na warware shi jiya.

Ta tambaya. Na ce ana nan ana yi.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Yau ce Alhamis ɗin. Tun da safe ta sa na wanke mata kai, na taje, na shafa mata man kwakwa, na maƙala mata fure a kunne. Da rana ta ce, "An gama?" Na ce koren zaren ya ƙare, sai jirgi ya kawo. Ta juya fuska bango.

Akwai ƙwarya uku na zaren a cikin gwangwanin biskit, amma launinsu bai yi daidai da na farko ba sosai.

Saura uku.

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi

Mama Vaine ta zo a bayan babur ɗin surukarta, da sandarta da bakinta. Shekararta tamanin da biyu, kuma tun tana amarya take bin Mama wurin ɗinki, ita ce shugabar ƙungiyar yanzu. Ta shiga ta ce, "Yaya, ashe kina nan? Na ɗauka zan tarar ana dafa shayin makoki."

"Ina nan," in ji Mama. "Telata ce ta yi sanyi."

Mama Vaine ta zaro ƙwaryar zare daga jakarta ta jefa mini a cinya. Da za ta tafi na raka ta, sai ga kazata mai wake-wake tana ɗingishi a tsakar gida, guntayen koren zare sun naɗe mata ƙafa. Mama Vaine ta dubi kazar, ta dube ni.

"Moeroa, kazarki ma ta shiga ƙungiya?"

Na ce iska ce ta kwaso daga shara.

"Uhm. Iska." Ta hau babur. "In hannunki ya gaji, ga mu. Mu shida ne, wuni ɗaya ya ishe mu."

Na ce kusurwata ce, kuma ban nemi taimako ba. Na san na yi mata rashin kunya. Ko a jikina.

Daga yau a murhu zan riƙa zuba shara.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Ciwon ya tashi tun gari bai gama wayewa ba. Nas ta zo ta yi mata allura, ta ce nan gaba zai riƙa zuwa a kai a kai. Mama ba ta yi ƙara ba, sai ta damƙe ƙarfen gado har yatsunta suka yi fari. Matar da ta kwashi yara bakwai zuwa kogo ranar babbar guguwa, ta lulluɓe su da mayafanta, ta fito washegari ta tarar babu rufin gida, ta ce to a ɗora ruwan shayi tukuna. Yau ita ce nake ɗagawa da hannu ɗaya in canza zanen gado.

Mahaifiyata ta kira daga Auckland tana kuka, tana tambaya ko su taho. Na ce da sauran lokaci. Ban san me zan ce da ita ba. Ita ta haife ni, amma duk abin da na sani, daga ɗaura zane har yanka kifi, a hannun Mama na koya. Ban taɓa kwana a gidan da babu ita ba. Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan, ina jin tsoro.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe biyu

Da safe saura biyu. Yanzu uku.

Yadin ya fara laushi a wurin, dole in riƙa bi a hankali.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Wayyo Allah, yau na ga abin da ban taɓa gani ba.

Wajen ƙarfe goma numfashinta ya canza, ya riƙa tsayawa yana dawowa. Na yi ihu, maƙwabta suka cika gidan, aka kira Fasto da nas. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa hula a hannu. Ina durƙushe ina murza mata ƙafa sai na ga Mama Vaine ta shigo da ƙunshi a hammata, ta ajiye a kan akwatin. Mayafinta ne, wanda ta tanadar wa kanta, ja da ruwan ɗorawa.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce a hankali, "In ta cika yanzu, da me za mu naɗe ta? Da ganye uku suna reto?"

Mama Teupoko, kakata, wadda ta yanka wa kowa, a sa ta a ƙasa da mayafin aro. Har jikokin jikoki sai sun ji labarin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko Kawu ma bai dube ni ba.

Da rana ta yi tsaka numfashin ya daidaita. Ta buɗe baki ta nemi ruwa. Mutane suka watse. Mama Vaine ta tafi ta bar ƙunshinta a kan akwatin, da gangan.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Da na gama goge mata jiki ta ce, "Shimfiɗa mini shi." Na ce akwai zafi. Ta ce, "Moeroa." Na ɗauko na shimfiɗa.

Ta lalubo kusurwarta ta shafa, ta wuce ta ƙawayenta, ta wuce ta 'ya'yanta. Da ta zo tawa sai ta juya bayan. Yatsan nan nata ya bi layin ganye na biyu, ya koma, ya sake bi.

"Sau nawa?"

Na ce bai kwanta daidai ba ne.

"Ban tambaye ki yadda ya kwanta ba. Huji uku nake ji a inda ya kamata in ji ɗaya. Sau nawa?"

Na ce huɗu.

"Da almakashina?"

Na ce e.

Na ɗauka faɗa za ta yi, har na fi son ta yi. Sai ta ce, "Tun ranar Alhamis na sani. Kwana shida ina jin zare yana tafiya, ganye ba ya ƙarewa. Makauniya ce ni, ba kurma ba. Na ce bari in ba ki 'yan kwanaki."

Na kifa kai a kan gadon. Na ce, "Mama, in na gama za ki tafi."

"In ba ki gama ba ma zan tafi, sakarya, jiya ba ki gani ba? Sai dai in tafi a cikin jan mayafin Vaine, ka ce tutar wasan rawa." Ta nemo kaina ta dafa. "'Yar nan, ina jin ciwo. Ban gaya wa kowa ba, ke nake gaya wa. Na gaji da riƙewa. Ki sake ni."

Na yi kukan da rabona da shi tun mutuwar Papa. Ta bar ni na yi. Da na lafa ta ce, "To, ya isa, kar ki jiƙa mini yadi, koren nan yana zuba."

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Na sa wa wurin da ya yi laushi ƙyalle ta baya, kamar yadda ta ce. Hujin ba za su ɓace ba. Saura biyu da rabi.

Na aika wa Mama Vaine ƙunshinta, da kwanon gwaza, da ban haƙuri. Na kira mahaifiyata na ce su taho.

Asabar, 24 ga Mayu

Saura ɗaya da ɗan abu. Yatsana ya fashe.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gama.

Jijiyar ƙarshe na yi ta kallonta kusan rabin awa, allura a hannu. Mama ta ce, "Na ji kin tsaya." Na soka, na ja, na ɗaure, na yanke. Na shimfiɗa mata. Ta juya baya ta bi ganyen huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Babu ƙulli." A shekara arba'in da huɗu da na yi ina ɗinki a gabanta, wannan ne yabo mafi girma da na samu.

Na ninke na sa a akwati, na dawo na zauna na riƙe hannunta ina jira. Ta yi barci. Na yi ta ƙirga numfashinta har aladu suka fara ihun yunwa.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Ta farka ta ce a faso mata ɗanyar kwakwa. Ta sha rabi! Ta ce, "Ina telata? Kin gani, an gama, ga ni nan. Wahalar banza kika ba kanki da kazar mutane."

Na ce, "Tsohuwa mai alkawarin ƙarya."

Jirgin yau ya sauke mahaifiyata da 'yan'uwanta biyu. Gida ya cika da jakunkuna da hayaniya.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Mun fito da ita baranda a kan katifa, ta fuskanci dutsen Papa. Ta kira sunayen 'ya'yanta goma sha ɗaya a jere, har da huɗun da babu wanda ya san fuskarsu sai ita. Ta raba kayanta. Almakashin ta ce nawa ne, "tunda ta riga ta saba da shi." Mama Vaine ta yi dariya har da buga sanda. Su mahaifiyata ba su gane ba, babu kuma wanda ya yi musu bayani.

Bayan haka ta ce kowa ya ba su wuri, tana da magana da Vaine. Na ga kawunansu a haɗe ta taga.

Talata, 3 ga Yuni

Ba ta magana. Ciwon ya lafa, ko kuma ta daina nuna mana.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ina share ƙofar gida, ina gaya wa Papa cewa ruwa ya yi ƙasa a tanki, sai mahaifiyata ta fito baranda ta tsaya. Da ganin fuskarta na san Mama ta cika.

Na ƙarasa sharar tukuna.

Juma'a, 6 ga Yuni, bayan an watse

Mun yi mata wanka da sassafe, muka sa mata farar rigarta ta coci. Matan ƙungiya shida suka buɗe mayafin a tsakar ɗaki, kowa ya matso yana kallo. Na yi sauri na kama kusurwata na ja ta wajen ƙafa, inda za a cusa ta a ƙasa babu mai gani. A hasken safe hujin sun fito fili, layi-layi a gefen ganyen, ga facin ta baya.

Mama Vaine ta riƙe mini hannu.

"Juya shi."

Na ce, "Mama Vaine, don Allah. Wannan gefen ya ɓaci."

"Na sani. Juya shi. Ita ta ce." Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, har Kawu da ke bakin ƙofa. "Yaya ta bar mini saƙo ranar Lahadi. Ta ce kusurwar Moeroa a sama za a sa, a kan ƙirjinta, a ɗora hannunta a kai. Ta ce ta yanka mayafi ya fi ɗari, ba a taɓa ɗinka mata ganye ɗaya sau biyar ba."

Muka juya shi. Ni na ɗaga hannun nata na dama, na kwantar da yatsan a kan hujin.

Yanzu tana can kusa da Papa, simintin bai bushe ba. Kawu bai yi mata rami mai ƙunci ba. Almakashin yana kan akwati, akwatin kuma babu komai a ciki. Gobe da safe mutum biyu zan ba labarin gari.